Shekarar da Na Bar Kujera Na Bi Murzuna

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a kan shekarar da na tafi Damagaram. An gaya muku an miƙo wa babanku kujerar shef, wato shugaban ofis, a biron aikin gona na Magariya, ya sa ƙafa ya ture, ya rataya jaka ya koma lekol, wato makaranta, da furfura a gemu saboda kwaɗayin takarda. Zancen kujera gaskiya ne, furfura ma tana nan kuna ganinta. Maganar kwaɗayin takarda ce ba ta da tushe, shi ya sa nake so ku ji labarin daga bakina tun ina iya ba da shi.

A lokacin ni malamin gona ne a Dungas. Na daɗe a aikin, har ya zama ƙauyukan da ke tsakaninmu da Guci babu wanda ban sha ruwan rijiyarsa ba. Daminar da ta gabaci tafiyata ta zo da kyau, ruwa bai yi mana rowa ba, gero ya fid da kai manya-manya, mutane har sun fara gyaran rumbuna. Sai murzuna ta shigo. Ku da kuka girma a gari ba lalle ku san ta ba. Tsutsa ce da ke shiga zangarniyar gero tun yana bununi, ta riƙa ci tana zagaya kan kamar ana naɗa masa zare, duk inda ta bi ƙwaya ba ta tsayawa. Daga nesa ka ga gona shar, sai ka matso ka kama zangarniya ka ji ta sakayau a hannu. Abin da na sani a kanta shi ne abin da aka koya mini tun ina saurayi, wato feshi. Maganin kuwa ba ya iso mu sai aikin gama ya gama, in ma ya iso tsutsar tana can cikin kai, feshin ya wanke ganye ya bar ta tana cin abinta.

Wata safiya na je gandun gidanmu, wanda babanku Habu, yayana, yake riƙe da shi tun rasuwar mahaifinmu. Na same shi tsaye a tsakiyar gona. Ya karyo zangarniya ɗaya ya murza a tafin hannu, ya hura, babu abin da ya rage sai ƙaiƙayi da tsutsa biyu suna motsi.

Ya ce, "Mutari, kai ne malamin gona. Gwamnati ta ba ka moto, ta ba ka hula. To, ga shi. Me za mu yi?"

Na ce, "Yaya, na aika a kawo magani."

Ya ce, "Ba abin da ka aika na tambaye ka ba. Me ka sani?"

Na hau moto, babur ɗin aikina, na dawo Dungas, tambayar nan tana bina har ƙofar gida.

Bayan kaka sai abu biyu suka zo mini kusan tare. Na farko kujerar nan ta Magariya. Na biyu kuma wata dama da aka buɗe wa tsofaffin ma'aikata irina, su je jami'a a Damagaram su ƙaro karatu, kowa ya rubuta memuwar, wato kundin bincike a kan wata matsala ta wurin aikinsa. Ba a haɗa biyun. Mahaifiyarku Barira tana son Magariya, kuma tana da hujja. Can ne garinsu, tsohuwarta na can ba lafiya, akwai lantarki, ga lise, babbar sakandare, kusa ga ku manyan da kuke gab da gama kolej. Ranar da na gaya mata abin da na yanke tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Malam, shekara nawa muna zaman jiran wannan kujera?"

Na ce, "Da yawa."

Ta ce, "Yanzu ta zo, kai kuma za ka bi tsutsa."

Na ce, "In na hau kujerar, wasu malaman gona za su zo su tambaye ni abin da Yaya ya tambaye ni. Ban san me zan ce musu ba."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "Allah Ya ba da sa'a." Ba ta sake tayar da zancen ba, ni kuwa na san irin wannan shirun nata. Yaya Habu shi bai yi shiru ba. Ya aiko a gaya mini cewa ya tambaye ni magani ne, bai ce in mayar da kaina ɗan lekol ba. Kujerar aka ba wani yaro da ni na koya masa aiki. Babbarku ta tafi Magariya ta zauna a hannun kawunta don ta shiga lise, tana kuka muna rabuwa a tasha. Duk wannan na san shi ne kuɗin abin da na zaɓa, kuma ba ni kaɗai na biya ba.

A Damagaram malamin da ke duba aikina ya ce kafin in rubuta ko layi ɗaya sai na san abin da wasu suka riga suka gano a kan murzuna. Ya tura ni ɗakin karatu na jami'a. Na zata littattafai zan tarar jere, in ɗauko in buɗe. Littattafan suna nan, amma wadda ke kula da wurin, wata mata mai tabarau da ake kira Madam Saratu, ta zaunar da ni gaban ordinatar, wato kwamfuta. Ta ce yawancin abin da masana suka rubuta yanzu yana cikin wasu manyan rumbuna a intanet, inda ake tara mujallun ilimi na duniya, ta buɗe mini ɗaya, ta nuna mini wani ɗan fili fari ta ce in rubuta abin da nake nema. Ta tafi sallamar wasu ɗalibai. Ni kuwa na gyara zama, na fara da yatsa ɗaya, cikin Faransancin da muke rubuta wa manya takarda. Na gabatar da kaina, na faɗi inda nake aiki, na bayyana ɓarnar da aka yi mana, na roƙi a taimaka. Na danna. Abin ya ce bai sami komai ba.

Da ta dawo ta karanta abin da na rubuta, sai ta cire tabaran ta goge ido. Dariya ce take ɓoyewa don kada in ji kunya.

Ta ce, "Baba, ba mutum ba ne a ciki. Ba ya amsa gaisuwa. In ka je kasuwar Dungas neman igiya, kana ba mai igiya tarihin akuyarka?"

Na ce, "Wani lokaci nakan ba shi."

A nan dariyar ta kuɓuce mata, ni ma na yi. Ta goge dogon zancena ta ce kalma biyu ko uku sun isa, sunan amfanin gonar da sunan ƙwaron. Na rubuta murzuna, babu abin da ya fito, don masu rubutun ba su san ta da wannan suna ba. Ta tashi ta ɗauko wani tsohon littafin ƙwari mai hotuna, muka yi ta buɗawa har na ɗora yatsa a kan tsutsata. A ƙarƙashin hoton akwai sunanta na Latin. Madam Saratu ta ce wannan sunan shi ne mabuɗi, domin Bafaranshe da Bature mai Ingilishi da Ba'indiye duk da shi suke kiranta. Ta nuna mini in sa kalmomin biyu a tsakanin alamar zance, don a nemo su a haɗe kada a warwatsa su. Na danna. Rubuce-rubuce suka zubo, shafi bayan shafi. Na daɗe ina kallonsu. Ashe duk shekarun da nake tsaye a gonakin mutane ina jiran magani, akwai waɗanda suka ba da rayuwarsu ga wannan tsutsar, wasu ma a ƙasarmu, ban taɓa jin labarinsu ba.

Daga nan na zama ɗan gida a ɗakin karatun. Da farko duk abin da ya fito sai in ce zan karanta shi daga farko har ƙarshe, har idanuna suka fara ruwa. Madam Saratu ta hana ni. Ta ce kowane rubutu yana da taƙaitawa a samansa, in fara da ita, in kuma duba a wace ƙasa aka yi gwajin. In ƙasarsu jigawa ce irin tamu, ruwansu kamar namu, in shiga ciki. In kuwa wurin da ake ruwa wata takwas ne, in wuce. Ta koya mini tace shekaru, in ga sababbi tukuna kafin tsofaffi. Ta koya mini bambance shafin mai sayar da magani, wanda komai nasa mai kyau ne, da mujallar da sai wasu masana sun tantance rubutu kafin a buga shi. Abin da ya fi burge ni shi ne bin sawu. In ka sami rubutu ɗaya mai kyau, a ƙarshensa akwai sunayen waɗanda marubucin ya karanta, ka bi su baya. Akwai kuma wurin da za ka danna ka ga waɗanda suka zo daga baya suka ambace shi, ka bi su gaba. Wannan ban sha wuyar gane shi ba, don haka muke neman dabbar da ta ɓata. Ingilishi ne ya ba ni wahala, yawancin rubutun da shi aka yi. Akwai na'urar fassara, ina amfani da ita, amma Madam ta ce duk inda na ga adadi ko ma'auni in koma ga asalin in duba da idona. Kuma duk abin da na samu in sauke shi a 'yar kile ɗina, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinatar, nan take, in sa masa sunan marubuci da shekara, don ta san in na koma ƙauye intanet sai an hau tudu.

A cikin bin sawun nan na ci karo da abin da ya hana ni zama. Akwai wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda abincin 'ya'yansa ita ce murzuna. Macen takan harbi tsutsar ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Ana kiwonsa, a zuba cikin ƙananan jakunkunan algarara tare da ɗan gero da wasu tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, a rataye a gefen gonaki, sababbin su riƙa fita ta ramukan buhun suna bazuwa. Na miƙe tsaye a tsakiyar ɗakin karatu, ɗalibai suna kallona.

Na ce, "Madam, na samu!"

Ta zo ta karanta a tsanake. Ta ce, "Madalla. Yanzu nemo mini inda ya ƙi yi."

Na ce, "Don me zan nemi abin da zai ɓata mini aiki?"

Ta ce, "Baba, gonar mutane za ka kai shi. Gara ka ji aibinsa a nan da ka ji shi a can."

Raina bai so ba, amma na nema. Na kuwa samu, kuma da ban nema ba da na yi ɓarna. In aka rataye jakunkunan bayan tsutsa ta gama ci ta sauka ƙasa, aikin banza ne. In wani ya yi feshi kusa, ƙwaron ne zai fara mutuwa. Kuma dogon raninmu yana rage shi ƙwarai, sai an sake sakinsa wata damina. Akwai rubutu ɗaya da nake ganin shi ne zai gaya mini daidai lokacin ratayewa, amma a kulle yake. Muka gwada da kalmar sirrin da jami'a ke buɗe wasu mujallu da ita, wannan ba ya ciki. Madam Saratu ta nuna mini adireshin marubucin a ƙasan sunansa, ta ce in rubuta masa, masana da yawa suna jin daɗi a nemi aikinsu. Ta ƙara da cewa wannan karon mutum ne, ina iya gaisuwa. Na rubuta, ban sa rai ba. Sai ga amsa, da rubutun a haɗe. Mutumin ashe a wata cibiyar bincike yake a Maraɗi. Ya ce in zo in ga yadda suke kiwon ƙwaron. Na je, na gani da idona, na koyi haɗa jakar da hannuna, ya kuma yi mini alkawarin irin ƙwaron in damina ta kama.

Da gero ya fara fid da kai na iso ƙauyenmu da jakunkuna a cikin kwali, ɗaure a bayan moto, na lulluɓe su da tsumma don rana. Mai gari ya tara magidanta a ƙofar gidansa. Na yi bayani dalla-dalla, ban ɓoye komai ba, har da cewa ba zai kashe murzuna duka ba, kuma sai kowa ya yarda ya ajiye feshi. Yaya Habu ne ya fara magana. Ya riga ya sayo magani a kasuwa, famfonsa na feshi yana jingine a zaure.

Ya ce, "Ka bar kujera, ka bar iyali, ka tafi shekara guda. Abin da ka kawo mana ƙuda ne a buhu?"

Mutane suka yi dariya. Ban yi gardama da shi ba, ba a gaban jama'a ba. Na bari aka watse, na bi shi gona. Na ciro tsutsa ɗaya daga zangarniya na sa a kwalba, na saki macen ƙwaron a ciki, na miƙa masa. Ya riƙe kwalbar kusa da ido. Tsutsar tana ta murɗe-murɗe, ɗan abin nan yana zagaya ta kamar ba ruwansa. Can ya ɗare ta. Ba a jima ba ta miƙe, ta daina motsi. Yaya ya girgiza kwalbar, ya sake girgizawa.

Ya ce, "Wannan ɗan mitsitsin?"

Na ce, "Shi, Yaya."

Ya ce, "In gero ya lalace, da wane baki za ka yi wa mutanen nan magana?"

Na ce, "Da nawa. Gayaunata tana cikin gonakin, abin da ya same ku ya same ni."

Ya ce, "Damina ɗaya. In ba ta yi ba, kada ka sake kawo mini zancen takarda."

Da ya ajiye famfonsa sauran suka ajiye nasu, don ana jin maganarsa a garin. Muka rataye jakunkunan a itatuwan gawo da bakin rumbuna, kowace da ɗan murfi a sama don ruwa. Sai jira. Ban taɓa yin jira mai nauyin wannan ba. Murzuna ta fito kamar yadda ta saba, na ga zanenta a kan zangarniya. Ina komawa Dungas in buɗe abin da na sauke a kile in sake karantawa, ko na yi kuskuren lokaci. Barira takan ajiye mini abinci, ta dawo ta tarar ban taɓa ba, ta ɗauke abinta.

Wata rana da hantsi ina zagayen gonaki sai na hango Yaya Habu yana ɗago mini hannu. Na isa, ya buɗe mini zangarniya da babban yatsa. A cikin hanyar da tsutsar ta haƙa ga gawarta nan ta yi baƙi ta bushe, kewaye da ita wasu 'yan fararen kwasfa ƙanana, gidajen da sababbin ƙwarin suka fito. Ya buɗe wata, haka. Ya buɗe ta uku, wannan da rai, tana ci. Ta huɗu matacciya. Muka yi ta bi layi-layi muna buɗawa kamar yara, har rana ta take. Bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Abin da ya ce kawai shi ne, "Baɗi ka zo da su da wuri, kuma ka ƙara da na ƙauyen surukaina."

Gero bai tsira duka ba, na kuma rubuta haka a memuwar ɗina, da gonakin da abin ya yi da waɗanda bai yi ba. Amma an ɗaure dammuna a shekarar, rumbun gandu ya cika har aka buɗe na biyu. Da labari ya bazu, malaman gona na wasu garuruwa suka fara zuwa wurina, har da shef ɗin Magariya, wanda ya zauna a tabarmata ya ce in nuna masa yadda ake nema. Na nuna masa yadda Madam Saratu ta nuna mini, ban rage komai ba. Har na ajiye aiki ban hau kujera ba, kuma ban taɓa kwana da baƙin cikin haka ba. Abin da nake alfahari da shi shi ne, tun daga shekarar, in manomi ya tambaye ni abin da ban sani ba, ina iya ce masa ya ba ni kwana biyu, in kuma dawo masa da magana mai tushe.

Mahaifiyarku ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, kada wani ya gaya muku ta ce. Tsohuwarta ta rasu muna Dungas, sai a mota ta je ta tarar an kai ta, wannan kuwa ba abin da zai biya shi. Har yau in zancen ya taso takan ce da Magariya muka koma da ta huta, ni kuma ba na musa mata, don gaskiyarta ce. Amma bayan kakar nan, wata rana da la'asar ina zaune a tsakar gida, ta fito daga ɗakin ajiya da kwano a hannu, ta dire shi a gabana. Wakenta ne na sayarwa, duk ya huhhuje, ƙwari suna yawo a ciki.

Ta ce, "Malam, su waɗannan mutanen naka, gero kaɗai suka sani?"

Na ce, "A'a, sun san wake."

Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna kusa da ni, ta gyara ɗankwali. Ta ce, "To, buɗe. Ka riƙa karantawa kana gaya mini da Hausa, ni zan faɗa maka in sun san abin da suke yi."